Ta ina murar tsuntsaye ke shiga gidan kaji?

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magariya ta Nijar. A Janairun 2015 kuma ta sake tashi a Kano. Dukkansu a lokacin hunturu suka faru, kuma akwai dalili. Lokacin ne agwagin daji ke saukowa daga Turai zuwa fadamu irin na Haɗejiya da Nguru, sannan ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai a ruwa mai sanyi da ɗanyen kashin tsuntsu.

Abin da aiki ya koya mana shi ne, agwagwar daji galibi iyakarta bakin fadama. Ruwa da mutane ne ke ƙarasa da cutar cikin ɗakin kaji.

Ruwan ya fi ban tsoro. Mai gona ya sa a ɗebo na tafki ko kududdufi saboda rijiya ta ja baya, ko ya bar tanki ba murfi, tsuntsaye suna sauka a baki suna kashi. A shayar da ruwan burtsatse, a rufe tanki. Agwagwar gida ma kan ɗauki cutar tana kiwonta lafiya ƙalau, don haka kada ta haɗa kwanon ruwa da kaji.

Sai kiret ɗin ƙwai na kwali. Yana zaga gona biyar da kasuwa a mako guda, da busasshen kashi manne a gindinsa, kuma ba ya wankuwa. Wanda ya fita kada ya dawo; na roba ya fi. Motar 'yan sari da ta masu sayen taki su tsaya a wajen ƙofa. Ruwan maganin tsoma takalmi kuwa, da zarar laka ta cika shi ya daina aiki, sai a kankare takalmin tukuna, a riƙa sauya ruwan kullum. Sababbin kaji a ware su mako uku.

In aka wayi gari kaji na faɗuwa da yawa, tukkunsu ya yi shuɗi, kai ya kumbura, ƙafa da ɗigon jini, kada a yi saurin kai sauran kasuwa don rage asara. Ta nan cutar ke cinye gonakin maƙwabta. A rufe ƙofa, a kira likitan dabbobi ya ɗauki samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, a binne mushen a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba.