Ƙanƙarar firiza ta kusa cinye mana zuciya

Duk wanda ya shiga harkar dashen zuciya, agogo ake fara tsoratar da shi da shi, sai kuma zafi. Ba a cika jaddada masa cewa sanyin da ya wuce kima ma ɓarna yake yi ba. Ni ma'aikacin jinya ne a ɗakin tiyata, ɗan Nima a nan Accra, kuma na ga wannan da idona lokacin da aka tura ni ƙaro ilimi a wani asibitin ƙasar waje da ake dashen zuciya. Har yau idan na tuna daren sai raina ya ɓaci.

An sa ni cikin tawagar da ke zuwa ɗauko zuciya. Aikina shi ne ruwan adanawa da rubuta lokaci. Da zarar likita ya matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, sai a tura ruwan mai sanyi cikin jijiyoyinta, ta tsaya cak. Daga wannan daƙiƙar lissafi yake farawa, ba daga lokacin da motar asibiti ta tashi ba. Ana so zuciyar ta koma shan jini a ƙirjin majinyaci kafin awa 4, idan ta doshi 6 kuwa hankalin kowa ya tashi. Ƙoda takan jure awa 24 ko fiye, zuciya ba ta da wannan haƙurin. Custodiol muke amfani da shi, ruwan adanawa da wani likita mai suna Bretschneider ya haɗa a Jamus, wasu asibitocin kuma sun fi son na Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Ko wanne aka ɗauka, tsokar ba ta daina cin abin da ta tara ba, ragewa kawai take yi, kusan rabi a duk digiri 10 da aka sauke. Inda ake so ta zauna shi ne tsakanin digiri 4 da 8.

A daren da nake magana, an jima ana jiran tawagar masu ɗaukar hanta, har ƙanƙarar da aka tanada ta narke. Wani ma'aikacin asibitin da muka je, da kyakkyawar niyyarsa, ya ruga ya kwaso wata daga firiza ya cika kular. An sa zuciyar a leda uku kamar yadda aka saba, aka rufe, aka miƙo mana. Na tambaya ko komai ya yi daidai, aka ce ya yi. Muka kama hanya, ba mu yi latti ba ko kaɗan, ina ta murna a raina.

Sai da aka buɗe kular a ɗakin tiyata na ga abin da ke ciki. Manyan dunƙule ne busassu, suna manne wa safar hannu. Ƙanƙarar da ta fara narkewa ta jiƙe tana tsayawa a sifili, amma wadda ta fito daga firiza kai tsaye takan kai digiri 18 ƙasa da sifili. Ledar ta kwanta a kan wani dunƙule, ruwan da ya kamata ya raba su ya gangara gefe. Ɓangaren zuciyar da ya jingina da shi ya yi tauri, ya yi fari-fari. Babban likita ya danna wurin da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, bai ce uffan ba. An riga an buɗe ƙirjin majinyacin, an ɗora shi kan injin da ke yi wa zuciya da huhu aiki, kuma babu wata zuciyar da za a jira.

Aka ɗinka ta, aka saki jini. Zuciyar da aka adana da kyau, tana jin ɗumi sai ka ga ta fara motsi. Wannan ta yi kwance tana karkarwa, sai da aka buga mata lantarki, aka bi ta da magunguna masu ƙarfi, aka bar mutumin kan injin fiye da yadda aka tsara. Ya daɗe a sashen kulawa ta musamman. Alhamdulillahi ya tashi, ya koma gidansa da ƙafarsa. Amma wahalar da ya sha ba ta rashin ƙwarewar likita ba ce, ba ta cunkoson hanya ba ce, ta ƙanƙarar da ba a bari ta jiƙa ba ce, abin da ɗan ruwa kaɗan zai gyara. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya.

Da na dawo nake ba Kawuna labari a Mamobi, sai ya ce, "To ɗana, ai na ɗauka kamar kifi ne, iya sanyi iya daɗewa." Na ce, "Kawu, kifin ba wanda zai nemi ya sake motsi." Kuma tunanin Kawu shi ne na ma'aikacin nan, shi ya sa ban riƙe shi a rai ba. Laifin na tsarin da bai koya masa ba ne.

Yanzu akwai akwatuna irin SherpaPak da ke riƙe zuciya a digiri 4 zuwa 8 ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba, akwai kuma na'urar TransMedics da Amurka ta amince da ita a 2021, wadda ke tafiya da zuciya tana bugawa da jini mai ɗumi. Kuɗinsu ba na wasa ba ne, don haka ranar da Ghana za ta fara dashen zuciya, ina kyautata zaton da kula da ƙanƙara za mu fara. Muna da tushe: cibiyar tiyatar zuciya ta asibitin Korle Bu a Accra tana nan tun 1989, kuma wanda ya kafa ta, Farfesa Frimpong-Boateng, ya yi dashen zuciya a Hannover ta Jamus kafin ya dawo gida. Ko a tiyatar da muke yi yau da kullum, ƙanƙarar da ake zagaye zuciya da ita tana iya taɓa jijiyar da ke motsa tsokar numfashi da ke raba ƙirji da ciki ta raunana numfashin mutum bayan aiki.

Shi ya sa ƙannena da ke shigowa aikin suke cewa na cika takura. Ba na karɓar kula a rufe daga hannun kowa, ko da babba ne. Sai na buɗe, na taɓa ƙanƙarar na ji ta jiƙe, na tabbata akwai ruwa tsakanin leda da leda, na cusa ma'aunin zafi na rubuta abin da ya nuna. Kuma duk mai tunanin ɗauko zuciya daga Kumasi ya cire mota daga lissafinsa, don tafiyar kilomita kusan 250 ɗin nan kaɗai za ta cinye awa 4 ɗin. Jirgin sama ba ya kai awa ɗaya, sai dai a tanadi wanda zai buɗe hanya daga filin jirgi zuwa asibiti tun kafin likita ya matse jijiya.