Ranar da Muka Shata Hanyar Mars a Filin Ƙwallo

Kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai ɗauke da motar bincike Perseverance ya sauka a duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairu, 2021. Washegari wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ke riƙe da sitiyarin?" Sai na ce a nemo mini igiya, turke da toka, mu haɗu a filin ƙwallo.

Muka kafa turke a matsayin rana. Da igiya mai mita 3 muka shata zagayen duniyarmu, kilomita miliyan 150 ke nan daga rana. Na Mars, mai kilomita miliyan 228, ya ci mita 4 da rabi. Yaro ɗaya ya zama Mars yana takawa a hankali, wani ya zama kumbo. Na ce ya je ya same shi. Ya miƙe sak, ko da ya isa abokinsa ya yi gaba.

Nan darasin ya zauna. Maharbi ba ya saita inda tsuntsu yake, gabansa yake nufa. Kuma kumbo ba ya tafiya miƙe, domin ƙarfin rana na jan sa. Kusan duk tafiyar injinsa a kashe yake, yana bin lanƙwasasshiyar hanya irin wadda injiniya Bajamushe Walter Hohmann ya bayyana a 1925. Muka lissafa da dokar Kepler, wadda ke danganta nisan abu daga rana da lokacin da yake ɗauka ya zagaye ta, tafiyar ta ba mu kwana 259. Shekarar Mars kwana 687 ce, don haka dole Mars ya kasance gaban duniyarmu da kusan digiri 44 ranar tashi. Wannan daidaito sai bayan wata 26 yake dawowa. Da muka ajiye yaron a digiri 44 suka yi kiciɓis a kan layin toka, ihun da yaran suka yi har yau yana kunnena.

Masu sitiyarin kuwa suna ƙasa. Manyan eriya a Goldstone ta Amurka, da kusa da Madrid, da Canberra, su ke aika wa kumbon siginar rediyo su jira ta dawo. Lokacin da ta ɗauka shi ke nuna nisa. Canjin da ke samun siginar, kamar yadda jiniya ke sauya murya idan mota ta wuce ka, shi ke nuna gudu. In an ga karkata, sai a kunna ƙananan injuna a gyara.

Inda na yi sake, ban tsayar da ma'auni ɗaya ba. Rukuni ɗaya suka auna da mita, ɗayan da takun ƙafa, zagayensu ya ƙi haɗuwa, muka share toka muka soma daga farko. Na ba su labarin kumbon Mars Climate Orbiter, wanda ya salwanta a 1999 saboda wasu sun lissafa ƙarfin turawa da ma'aunin fam, wasu da ma'aunin niyuton. Tun daga ranar ba na karɓar amsar da ba a rubuta ma'auninta a gefe ba.