Daren Alhamis a Bordo ta Faransa, gaban garwashin rassan inabi

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, yanzu na shigo ɗaki, rigar sanyina sai ƙamshin hayaƙi take yi. Bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Da safe ba wani abin kirki. Yayyafin Fabrairu, jirgin taram cike da ɗalibai, ni kuma ina ta gyaran babi na uku na kundin bincikena har azahar. Da la'asar malamar da ke duba aikina ta aiko saƙo cewa mujalla ta karɓi maƙalarmu, don haka yau ita za ta ciyar da mu, mu huɗu, ƙarfe takwas. Mutanen nan ba sa cin abincin dare da wuri. Na yi magariba da isha'i a ɗaki, na ci dabino uku don kada yunwa ta kunyata ni, na fita.

Gidan abincin yana cikin wani lungu na tsohon gari, ba nisa da kogin Garon. Teburi bai fi goma ba, an rubuta abincin ranar da alli a kan allo, bango guda kuma kwalaben giyar inabi ne tun daga ƙasa har rufi. Da na ga bangon nan sai da gabana ya faɗi. Na san abin da malamanmu ke faɗi kan zama a teburin da ake sha, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta gama natsuwa ba. Amma wata 18 matar nan tana fama da rubutuna, ban ga fuskar da zan ce mata a'a ba. Na zauna. Da mai hidima ya zo na ce ni ba na sha, ya ɗauke dogon kofin da ke gabana ba tare da ya ɗaga gira ba, ya ajiye mini tulun ruwan famfo da kwandon burodi. Waɗannan biyun a nan ba a biyan kuɗinsu.

Abin da ya ɗauke mini hankali yana can ƙuryar ɗakin. Murhu ne na bulo, tsayinsa ya kai ƙugu, wani dattijo mai furfura yana tsaye a kai da dogon awartaki. Ni ɗan mahauci ne, a gindin tukubar Baba na girma a Damagaram, ko cikin barci na ji kitse ya ɗiga a wuta na san shi. Gawayi ne a ƙasa, ya riga ya zama garwashi. Amma duk lokacin da zai ɗora nama sai ya ɗauko dami na wasu siraran itatuwa ya jefa. Su kama bal-bal kamar karan dawa, minti kaɗan su faɗi su zama jan garwashi, sai ya ɗora tsokar a kai. Malama ta ce rassan inabi ne. Da hunturu ake sassabe gonakin inabi, daidai wannan lokacin, sai a ɗaure rassan a bar su su bushe. Wato itacen da ya ba su abin sha shi ne kuma ke gasa musu nama.

Ban san lokacin da na tashi na je na tsaya kusa da shi ba. Na tambaye shi me ya sa ba ya barin gawayin kaɗai. Ya ce gawayi na riƙe zafi, rassan kuma su ke ba da ƙamshi, amma ba sa jimawa, in ka yi sakaci sun zama toka. Na ce masa a wajenmu gawayin ƙirya ake nema, shi maƙera ma ke so saboda ƙarfinsa. Na ba shi labarin tsire da ƙuli-ƙuli da yaji, da balangu, da kilishin da ake shanyawa a rana kafin ya ga wuta. Ya saurara sosai, sai ya ce, to da wannan yajin duka, yaya kuke jin ɗanɗanon naman? Shi gishiri kawai yake barbaɗawa, sai yankakkiyar ƙaramar albasa da ɓargo a kai in ya sauke. Na so in yi masa gardama, amma ƙamshin da ke tashi ya hana ni.

Inda muka rabu shi ne wajen nuna. Faransawa suna da mataki huɗu na gashi, daga wanda wuta ta ɗan lasa kawai zuwa wanda ya nuna sarai, kuma wanda ya nemi na ƙarshen kallon tausayi ake yi masa. Da aka kawo wa abokin karatuna nasa ya yanka, cikin ja wur, ruwa na kwanciya a faranti. A tukubar Baba da an mayar da shi wuta, a kuma ba mai saye haƙuri.

Ni dai kifi na ce, tunda ban san yankan naman ba. Dattijon ya sa shi cikin ragar ƙarfe ta daban, ya nuna mini da hannu cewa ba ta taɓa nama. Fatar ta yi ƙus-ƙus, cikin fari tas, da lemon tsami da soyayyen dankali. Yuro 24, kusan jika 16 ke nan na sefa. Na daina wannan lissafin tun shekarar farko, yau ya dawo mini.

Su kuma sun yi nasu bikin kwalba. Aka zuba wa Malama ɗan kaɗan, ta juya kofin, ta sansana, ta kurɓa, ta gyaɗa kai, sannan aka zuba wa sauran. Suka shiga musu kan inabin hagun kogi da na dama, wato na yankunan Medok da Sant-Emiliyon, har da jerin darajar gonaki da aka tsara tun 1855 zamanin Napoliyon na Uku. Na yi ta cin kifina. Da aka kawo ɗan kek ɗin nan nasu, kanele, na miƙa hannu, Malama ta riƙe farantin ta ce akwai barasar rake a ƙullinsa. Shekara biyu ina ganinsa a tagogin shaguna ban sani ba, Allah ya sa tsadarsa ta hana ni saye. Na sha baƙin kofi.

A hanyar dawowa na bi ta bakin kogi na kira Baba. Agogonmu ɗaya da Nijar a wannan lokacin na shekara, ya tashi daga kasuwa ke nan. Na ce, Baba, yau na ga Bature na gashi da karan inabi, gishiri kaɗai, kuma naman da jini-jini. Ya yi shiru, ya ce, kuma mutane suka biya? Na ce har layi ake yi. Ya ce in tambayo masa ko suna neman ma'aikaci.