Yadda Na Kashe Ƙarar Ƙofofin Kabad a Kicinmu

Tun da Hajiya ta dawo wurinmu a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi bayan jinyar da ta sha, ɗakin da ke jikin kicin muka ba ta, bango ɗaya ne tsakani. Barcinta ba ya nauyi. Kullum da asuba uwargida za ta shiga ɗora ruwan shayi, ta ɗauki kofi, ƙofar kabad ta kuɓuce mata, sai ka ji gwaf! Hajiya ba ta taɓa cewa uffan ba, amma ina jin tarinta daga falo, na san an tashe ta ke nan. Abin ya tsaya mini a rai har na yanke shawarar canza hinjis ɗin gaba ɗaya zuwa irin masu rufewa a hankali.

Na kwance guda ɗaya na sa a aljihu na nufi shagunan kayan gini na wajen Wunti. Mai shagon ya ɗora sabo a tafin hannuna ya ce in danna da babban yatsa. Wani ɗan fistan ne a ciki mai ɗauke da mai, yana tokare ƙofar idan ta kusa rufewa, ya sauke ta sannu a hankali. Na yi sa'a ramin da ke bayan ƙofofinmu milimita 35 ne, awon da yawancin irin waɗannan hinjis ke bi, don haka ba sai an sake huda ba. Inda na yi kuskure shi ne da na sayo iri ɗaya duka. Ashe kala uku ne: mai miƙaƙƙen hannu na ƙofar da ta rufe katakon gefe gaba ɗaya, mai ɗan lanƙwasa na ƙofofi biyu da suka haɗa katako ɗaya a tsakani, sai mai lanƙwasa sosai na ƙofar da ke shigewa ciki. Ƙofofin tsakiya biyu suka riƙa cin karo da juna, washegari na koma na canzo guda huɗu.

Sai matsalar ramukan sukuru. Katakon kabad ɗinmu irin na garin katako ne da aka matse, shekaru sun ci ramukan, sukurun sai ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Na cusa tsinken sakace da gam na katako, na bar su suka kwana, na yanke abin da ya leƙo, sannan na ɗaure. Har yau suna riƙe.

Ɗaurawa rabin yini ta ci. Saiti kuwa sai da ya kwashe mini kusan mako guda, bayan la'asar in na dawo daga aiki. Kowane hinji wuri uku ake taɓawa. Sukurun gaba yana matsar da ƙofa dama ko hagu. Na baya yana tura ta ciki ko ya fito da ita. Waɗanda ke kan farantin da aka ɗaure a jikin kabad su ke ɗaga ta ko su sauke ta. Ranar farko na riƙa murzawa da ƙarfi, in gyara sama ƙasa ta karkace, in dawo ƙasa sama ta buɗe baki. Sai da na koma kwata-kwatan juyi, in murza kaɗan, in rufe, in ja baya in duba, sannan abin ya fara zama. Tsofaffin katunan ATM uku na haɗa na riƙa zurawa tsakanin ƙofa da ƙofa, kaurinsu ya ɗan haura milimita 2, kuma tazarar da ido ke so ke nan. Wanda ƙofarsa ta karkace, kada ya sa rai sabon hinji zai rufa masa asiri. Gefe ɗaya zai riga taɓawa, fistan ɗin ya yi aikin banza, ƙarar tana nan.

Wata safiya a cikin Janairu, hunturu ya kankama, uwargida ta kira ni. "Maigida, zo ka ga ƙofar kayan yajin nan, ta ƙi ƙarasawa." Na tarar da ita a tsaye da ɗan baki kamar faɗin yatsa, ƙura ta riga ta kwanta a kan murfin kwalaben. Ƙaramar ƙofa ce mara nauyi, ga sanyi ya sa man ya yi kauri, fistan biyu sun fi ƙarfinta. Hinjis na kamfanin Blum na ƙasar Ostiriya suna zuwa da ɗan makunni da ake kashe guda da shi saboda irin haka, nawa ba su da shi. Na cire na ƙasa na mayar da tsohon mai sifirin kawai, ta dawo daidai. A ganina mai shago ya kamata ya tambayi girman ƙofa kafin ya ƙirga wa mutum biyu-biyu.

Durowa kam ta fi ƙarfina. Na sayo layin ƙarfe mai boris, tsawon inci 18, wanda ke buƙatar fili milimita 12.7 a kowane gefe. Na ɗaura, durowar ta tafi lafiya har rabi, sai ta cije. Na kira wani dattijon kafinta na unguwarmu. Bai taɓa layin ba ma, tef ya zaro ya auna bakin ramin, ya zura hannu ya auna can ƙurya. "Malam, ai gidan ne ya tsuke ta baya, tsohon layin mai taya yana haƙuri da haka, wannan ba ya yi." Ya cire durowar ya fere gefenta kaɗan, ya sa siririn filawud a bayan layin ta gaba har ɓangarorin biyu suka miƙe. Ya kuma nuna mini ɗan ƙugiyar roba da ke kama durowa ta ja ta ciki: in ta saki, a tura durowar da ɗan ƙarfi har ƙarshe sau ɗaya, za ta koma mazauninta. Ya hana ni zuba baƙin mai, ya ce ƙurar Bauchi za ta mayar da shi taɓo, a riƙa goge layin da busasshen tsumma.

Da damina ta zauna a watan Agusta katako ya sha danshi, ƙofofi biyu na ƙarƙashin wurin wanke-wanke suka fara gogar juna. Kwatan juyi ɗaya a sukurun gaba ya raba su. Yanzu sukudireban yana cikin durowar cokula, na san zan sake nemansa in iska ta juya.

Kwanaki kaɗan bayan na gama ƙofofin ne na shiga gaishe da Hajiya, hantsi ya ɗaga, na same ta tana tashi daga barcin da ta koma bayan sallah. Ta amsa gaisuwa, sannan ta ce, "Wai matarka lafiya kuwa? Kwana biyu ban ji motsinta a kicin da asuba ba." Ga shayinta nan a fulas a gefen gado, tun ƙarfe shida aka ajiye shi.