Farin wata da alawus ɗin 'yan sa-kai

Tun da na ajiye aikin ƙidayar malam-buɗe-littafin dare a ƙauyukan gefen gandun dajin Dinder a Sudan, waɗanda za su gaje ni ke ta neman shawara. Ga ta, amma sai kun yi haƙuri da maganar mudir, wato shugaban ofishinmu, domin ita ta cinye rabin aikin.

Kun san kayan: farin ƙyalle, fitila mai cajin rana, littafi da waya. Abin da ofis ke mantawa shi ne dalilin da ya sa aka nemi mutanen ƙauye tun farko. Tun 1935 aka keɓe Dinder, amma da damina ta kankama baƙar laka kan toshe hanya, mota ba ta shiga sai bayan Oktoba. A daidai lokacin ne ƙwarin ke tahowa bisa iska, jemagu da yautai suna samun abinci. Masani yana birni, manomi kuwa yana wurin.

Mudir ya zo zagaye ran sha huɗu ga wata, ya buɗe littattafai, ya ga sifili a jere. Duk wanda ya taɓa kwana gaban ƙyalle ya san idan wata ya cika ƙwari ba sa kula fitila sosai. Wani dattijo mai gonar dawa ya ce masa, "Ustaz, ai wata ya fi fitilarka haske." Ya amsa, "Ya Hajj, barci dai ya fi ƙarfinku." A gaban 'ya'yansa ya faɗa masa haka. Da muka koma ofis sai ya yanke kuɗin katin waya na duk wanda sifilinsa ya yi yawa, ya kuma sa a goge waɗannan darare daga rahoto, wai masu ba da tallafi ba sa biyan kuɗi don su ga babu. Na rubuta masa takarda, na bayyana. Amsar da na samu ita ce an ɗauke ni daga fili an ba ni tebur.

Kafin wata ya sake zagayowa sifili ya ɓace daga littattafai. Kowa yana samun biyar, yana samun goma, har a daren da aka kwana ana ruwa. Ban ga laifinsu ba. An nuna musu abin da ake saye. Amma da sifili ake gane ƙaurar ƙwarin: kwana da kwanaki ƙyalle fari fat, sai dare guda ya cika maƙil. Idan ka share na farkon, ba ka da ranar isowa, ba ka da abin da za ka gwada da baɗi. A Jamus, a binciken da aka wallafa a 2022, an liƙa wa manyan ƙwarin nan masu zanen ƙoƙon kai a baya na'urar bin sawu mai nauyin giram 0.2, aka bi su da ƙaramin jirgin sama. Mu jirginmu shi ne littafin wannan dattijo, kuma daga ranar bai sake kunna fitila ba.

Sauran kaɗan ne. Ku ajiye ashana kusa da ƙwaron kafin hoto, don a san girmansa. Ku rubuta iska da ruwa da kwanan wata na Hijira. Kada ku fara wa manomi da zancen kare namun daji. Ku fara da tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda ta bayyana a Najeriya a 2016 ta iso Sudan a 2017, sannan ku nuna masa masu dogon baki da ke shan furanni suna yaɗa barbara. Ku kashe fitila ku kakkaɓe ƙyalle kafin asuba, in ba haka ba kaji za su gama da abin da kuka ƙirga.

Lissafin daminar farko mai kyau ne, na ɗauki hoton kowane shafi kafin a taɓa shi. Na biyu kada ku gina komai a kansa. Mai son na asalin ya neme ni, ba ofis ba.