Yadda Muka Bi Sawun Kuɗin Tare Ambaliya a Bakin Dilimi

Allon kwangilar ne ya fara tsaya mana a rai. An kafa shi kusa da rafin Dilimi, ga sunan aiki, ga sunan ɗan kwangila, amma gurbin kuɗi da na ranar kammalawa fayau suke. Duk wanda yake Jos a watan Yulin 2012, lokacin da madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare ya ci rayuka fiye da talatin, ba zai ɗauki aikin tare ruwa da wasa ba. Mu shida muka ɗauki bin diddigin: magini, mai awon ƙasa, malamar makaranta, masu lambu biyu, sai ni da rubuta wasiƙu ya rataya a wuyana.

Kuskurenmu na farko shi ne muka nufi wurin aikin da tambayoyi alhali ba mu san daga wane aljihu kuɗin ya fito ba. Kowane kuɗi da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa. In na kasafin tarayya ne, yana da layi da lamba a kundin kasafin shekara, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ce ke kansa. In daga Asusun Muhalli ne, wanda aka kafa a 1981 kuma ake raba shi tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, sai ka fara gano kason wa aka taɓa. In kuwa na waje ne, mai bayarwar yana da ƙa'idojinsa, kuma galibi takardun aikin na nan a shafinsa na intanet. Mako uku muka ɓata kafin mu gane haka.

Makamin da ya fi yi mana aiki shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in bayanan na da yawa, kuma in an hana ka kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Ba sai ka faɗi dalilin tambayarka ba. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. Wasiƙarmu ta farko ba ta haifar da komai ba, kuma laifinmu ne: mun nemi "duk bayanan aikin", ga zargi a ciki. A ta biyu muka ambaci takardu huɗu da sunayensu: takardar ba da kwangila, lissafin kayan aiki da farashinsu, zanen injiniya, da takardun shaidar biyan kuɗi kashi-kashi. Ko kalmar zargi ɗaya babu. Kwafi biyu muka kai, aka buga mana hatimi da kwanan wata a kan ɗaya. Kar ka bar ofis ba tare da wannan hatimin ba, domin daga ranarsa ake fara ƙirga kwanakin. Uku daga cikin huɗun suka fito. Ta biyan kuɗi har yau muna jira.

Da lissafin kayan aiki a hannu, magana ta koma ta tef da awo. A nan muka fi daɗewa.

Bangon da aka yi na kejin waya ne da ake cikawa da duwatsu. Keji ɗaya yawanci mita 2 ne a tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 bisa, saboda haka ƙirga su ba wuya: ka auna tsawon bango, ka ƙirga hawa, ka gwada da abin da takarda ta ce. Ƙirga ba ta isa ba. Dutsen ya kamata ya fi ramin ragar girma, kamar santimita 10 zuwa 20. Magininmu ya zura hannu ta gefe ya zaro tsakuwa cike da tafi. An jera manya a fuska, an cika ciki da ƙanana, ruwan farko mai ƙarfi zai tsiyaye su kejin ya lotsa. Wayar dole ta zama mai rufin da ke hana tsatsa, in ba haka ba damina kaɗan za ta yi ta tsinke. Bayan bango akwai ƙyallen tace ƙasa da ake shimfiɗawa, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Inda aka tsallake shi, ƙasar za ta riƙa zurarewa ta cikin duwatsun har bayan bangon ya rufta. Mafi muni shi ne tushe. In ba a haƙa hawa na farko ya nutse ƙasa da gindin rafi ba, ruwa zai ci ƙarƙashinsa, bangon ya kife gaba ɗayansa komai kyawunsa.

Magudanar kankare kuma lissafinta a fili yake. Haɗin 1:2:4 na nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon ɗaukar kankare huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kuma kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi tana cin kusan buhu shida. Mai lambu ɗaya ya zauna gefen injin kwaɓi yana ƙirga kwanuka da ƙwayar masara. Sai a duba kauri da tazarar rodi tun kafin a zuba, don bayan an zuba babu mai gani. A kuma tabbata ana shayar da kankaren aƙalla kwana 7, musamman da hunturun Jos mai busar da abu nan da nan ya tsage.

Itatuwa ba a ƙirga su ranar dashe. In tazara mita 4 ce, hekta ɗaya na ɗaukar 625, amma adadin da ke da ma'ana shi ne wanda ya rayu zuwa ƙarshen Afrilu, bayan rani da awaki sun gama nasu. Mun nemi a sa ciyawar jema a gaɓa, domin saiwarta na nutsewa sosai tana riƙe ƙasa. Masu lambu sun ƙi itacen turare kusa da fadamarsu saboda shan ruwansa, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne diyya. A zaman da aka yi ƙofar mai unguwa, wata dattijuwa mai noman kabeji da karas ta ce, "Ranka ya daɗe, an rubuta sunan mai fili, ni da na shekara ina haya ina nomawa fa?" Babu ita a jerin, babu sauran mata masu haya. Wanda bai halarci zaman farko ba, ba ya shiga takarda, saboda haka a nemi jerin sunayen tun kafin katafila ta iso. In kuɗin na Bankin Duniya ne, ƙa'idarsa ta san da mai haya da mai amfani da fili ko ba shi da takarda, kuma tun 1993 yana da kwamitin bincike mai zaman kansa wanda mutum biyu da aiki ya cutar za su iya rubuta wa koke, ko da harshensu ne.

Bin takardun nan ne ya sa na fara karanta alƙaluman tarukan sauyin yanayi da wani ido. Tambayoyin da muka yi wa ɗan kwangila su ne dai ƙasashenmu ke yi wa manyan ƙasashe: nawa aka alƙawarta, nawa aka biya, yaushe, kyauta ce ko bashi? Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. A taron Kofanhegan na ƙasar Denmark a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin kai kuɗin da suke bai wa ƙasashe masu tasowa don tinkarar sauyin yanayi zuwa dala biliyan 100 duk shekara nan da 2020. Ta lissafinsu na kansu sai 2022 suka cika, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci suka bayar rance ne. A taron Baku na ƙasar Azabaijan a 2024 aka amince da kai kuɗin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, wakilan Indiya da Najeriya na cikin waɗanda suka tashi suka ce ba su gamsu ba. Asusun taimaka wa ƙasashen da sauyin yanayi ya jawo wa asara da ɓarna, wanda aka amince da shi a Masar a 2022, ya tara alƙawarin kusan dala miliyan 700 a taron Dubai na 2023, don duniya baki ɗaya. Dala miliyan 700 ɗin nan daidai take da abin da Bankin Duniya ya amince wa Najeriya ita kaɗai a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma shi rance ne mai sauƙin ruwa da za a biya. Wannan na ci mini rai: mu da ba mu ƙona yanayin ba, mu ke cin bashin gyara.

Amma bashin ne ya sa awon ya zama wajibi a kanmu, tunda kejin da aka cika da tsakuwa 'ya'yanmu ne za su biya kuɗinsa bayan ya rushe. Kuma wakilinmu ba zai iya ɗaga murya a zauren taro yana neman a buɗe littafi ba, in a gida allon kwangila ba ya ɗauke da adadin kuɗi. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin, ta tanadi asusu na musamman. Wasiƙa irin tamu na iya zuwa can kamar yadda ta je ko'ina.

Rahotonmu shafi biyu ne: abin da takarda ta ce, abin da tef ya nuna, da hotuna masu kwanan wata. Mun kai wa injiniyan aikin da mai unguwa da kansila rana ɗaya, kafin mu sa komai a Facebook, muka ba su mako biyu. An kwance wani sashe na bangon aka sake cikawa da manyan duwatsu. Tushen ba a taɓa shi ba. Mun kafa turaku uku masu fenti a gindinsa, za mu auna yadda ruwa ya ci ƙasa bayan kowane babban ruwa daga Yuni zuwa Satumba.