Mun je Samaru saboda tsutsar wake

Kawu ne ya matsa sai na raka shi. Bara tsutsa ta cinye masa furen wake, bayan ya yi feshi har sau bakwai, sai ya ji a rediyo wai masu bincike a Zariya sun fito da waken da tsutsa ba ta iya ci. Ya ce shi gani ya kori ji.

Mun hau mota a Unguwa Uku bayan sallar asuba. Daga Kura zuwa Kwanar Ɗangora shinkafa ce da masara hagu da dama, Kawu kuwa bai bar gona ko ɗaya ta wuce ba tare da ya yanke wa mai ita hukunci ba. A Kwangila muka sauya mota zuwa Samaru.

Cibiyar Binciken Aikin Gona tsohuwa ce, tun 1922 Turawa suka kafa ta, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wani matashin malamin gona ya kai mu gonar gwaji. Kunya biyu ce kusa da juna. A ɗaya, ya ɓare kwasfa sai ga tsutsar nan da ake kira Maruca kwance a ciki, ta bar kashinta. A ɗayar kuwa Kawu ya ɓare ta farko, ya ɓare ta biyu, har ta goma, ina ƙirgawa, bai samu komai ba sai ƙwaya.

Sabon irin waken sunansa SAMPEA 20-T, an amince a raba wa manoma a ƙarshen 2019, kuma Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa aka ɗauko ƙwayar halitta aka dasa a waken, tsutsa na ci sai hanjinta ya lalace. Feshi ya koma sau biyu kacal, shi ma don sauran ƙwarin da ke tsotsar fure da kwasfa.

“Yaro, abin da ya kashe tsutsa ba zai taɓa ni ba?” in ji Kawu.

“Baba, gubar a hanjin tsutsa take aiki, ba a na mutum ba.”

Ni dai na san ana ta muhawara kan irin nan a ƙasar nan, har a majalisa. Amma na tuna yadda Kawu ke dawowa daga feshi idonsa ja wur, ba takunkumi ba safar hannu, sai na yi shiru.

Tambayarsa ta ƙarshe kan harawa ce, ko tumaki na ci. Aka ce suna ci. Ya ce to, baɗi zai gwada a gefen gona ta gabas, sauran kuma ya shuka irin gado. Kafin mu kai Tashar Yari barci ya kwashe shi, kwasfa uku na leƙe daga aljihun rigarsa.